Fuskar da Aka Ara wa Mai Awo

A cewar Mai Gyara, tun da aka shimfiɗa ƙasa aka ɗaga sama ba a taɓa wulaƙanta ɗan Adam kamar yadda wayarsa ta wulaƙanta shi a makon nan ba. Waya ce da ya saya da guminsa, ya yi mata riga, yake kwana da ita kusa da kunnensa. Amma ta wayi gari ta dube shi ido cikin ido ta ce ba ta san wannan fuskar ba, sai dai ya danna lambobin sirri kamar wani ɓarawo. Fuskar da a zamanin samartaka, in ji shi, 'yan mata ke tuntuɓe wajen kallonta. Ga gashin baki da yake tajewa safe da yamma.

"Ka goge gilashin mana," in ji matarsa, tana ninke wanki.

"Na goge, maman yara. Wannan ba datti ba ne, hassada ce."

"Wayar ce ke maka hassada?"

"Wanda ya ƙera ta."

Ta yi dariya, ta ɗago kai za ta mayar masa. Sai dariyar ta tsaya. Ta ɗan jima tana kallonsa kamar mai neman tuna inda ta taɓa ganin mutum, kafin ta ce, "Ka rame ne, Malam, ko hasken ɗakin ne?"

Wannan kallon ne ya biyo shi har titi. Shekaranjiya ma mai askin da ya saba da kansa tun gashin yana baƙi ƙirin ya yafa masa zane ya ce, "Yallaɓai, wane iri ake yi maka?" Mai Gyara ya ɗauka raha ce, ya jira dariya. Dariya ba ta zo ba.

Yanzu ga shi rana ta yi ja, masu shaguna na jawo ƙofofi, shi kuwa yana tafe da jakar kwamfuta a kafaɗa zuwa ɗakin adana duwatsu na jami'a, yana mita a ransa cewa mutum kamarsa ne aka mayar ɗan aike.

Da rana malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Amma girmansa na gaske a intanet yake. Akwai wani shafi da aka tara bayanin kowane irin dutse da ma'adinin da ake haƙowa a ƙasa: launinsa, taurinsa, inda ake samunsa, da wanda ya fara gano shi. Da yawa daga cikin duwatsun nan sunan mutane aka sa musu, don haka a gefen kowane shafi akan liƙa hoton mai sunan. A nan ɓarnar take. Mutanen da duk gemu ne da kwat da ɗaure fuska, sai ka tarar hoton mutum ɗaya yana zaune a shafin mutum uku, ko an sa ƙane a madadin wa, ko wani ɗan wasan kwaikwayo a madadin masani. Masu sa kai ne ke bi suna gyarawa, kuma a cikinsu babu wanda ya kai shi ido. Daga kunne yake kama ƙarya. Yakan ce gemu na girma, tumbi na fitowa, amma kunne ba ya sauya sheƙa. Shi ya sa wa kansa suna Mai Gyara, sunan kuma ya bi shi har gida.

Shi ne ma ya kawo dokar da ake bi a shafin: ba a cire hoto sai mai cirewa ya rubuta dalilinsa a akwatin da kowa zai gani har abada, sannan wani mai gyaran ya amince. Ya sha yin alfahari da wannan doka.

Sai dai akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba.

Akwai wani dutse kore mai ɗaukar ido, wanda aka sa wa sunan wani tsohon mai gwada ma'adinai da ya rasu tun kafin a haifi Mai Gyara. Masu gyara Mai Awo suke ce masa, domin da sikeli da ruwan gwaji ya yi rayuwarsa. Ba a taɓa samun hotonsa ba, shafinsa da inuwar kai mai ruwan toka yake. Wata ranar hutu a bara, Mai Gyara na zaune ba aikin yi, ya ce bari ya gwada idon abokan aikinsa. Ya buɗe akwatin matarsa ya ɗauko tsohuwar kwat ɗin marigayi surukinsa. Ya manna gemun auduga daga kunne zuwa kunne. Ya sa tabarau mai zagaye, ya tsaya inda hasken taga zai haske gilashin. Ya ɗauki kansa hoto, ya mayar da shi ruwan ƙasa, ya zuba masa ƙarce-ƙarce da ɗigo-ɗigon tsufa. Ya ɗora a shafin.

Niyyarsa ya bar shi kwana biyu, ya yi musu dariya, ya cire. Amma ba wanda ya gane. Yabo ma aka yi ta yi masa. Wata mai gyara ta rubuta cewa kwarjinin mutanen da daban ne, dubi goshi, dubi hanci. Mai Gyara ya karanta wannan ya fi a ƙirga. To wa zai cire hoton da aka yaba wa hancinsa?

Daga nan hoto ya yi ƙafa. Wasu shafukan suka kwafa. Ɗakin adana duwatsu na jami'a ya buga shi babba, ya sa a firam, ya rataye. Da aka tambayi Mai Gyara tushen hoton, sai ya rubuta: yana rataye a bangon jami'a. Jami'a ta dogara da shafi, shafi ya dogara da jami'a, magana ta zauna daram.

Sai ga saƙo daga wata tsohuwa, jikar Mai Awo, wadda ta yi aikin ungozoma har ƙarfinta ya ƙare. Ta rubuta: "Ɗana, wannan mai gemun ba kakana ba ne. A cinyarsa na girma. Ina da hotonsa, ku taimaka ku sa, in gan shi a wurin kafin in tafi."

Ya amsa mata da cewa: "Muna godiya, Iya, amma shafin nan da hujja yake aiki, ba da tunanin yarinta ba."

Ta sake rubutowa. Ya sake korar ta, da ladabi mai kaifi. Daga baya ta yi shiru, shi kuma ya gaya wa kansa cewa ta gane kurenta. Ashe ba ta haƙura ba. Aikawa ta yi aka kai ainihin hoton jami'a, aka damƙa wa Mai Ajiya, matar da ke kula da ɗakin duwatsun. Masu gyara suka ce babu wanda ya cancanci ya je ya duba sai gwanin kunne. Shi kuwa ya zaɓi goshin magariba, lokacin da ba kowa, kada wani mai ido ya tsaya yana duban bango yana dubansa.

Ginin yana can bayan ɗakunan gwaji, inda fitilun hanya suka ƙare. Mai Ajiya ya tarar a bakin ƙofa, jakarta a hannu, tana ta duba agogo.

"Kai ne Malam Mai Gyara? Ka makara. Ga mabuɗi, ambulan yana kan teburin sikeli. In ka gama ka kulle ka ba mai gadi."

"Ba za ki tsaya ki ga yadda gwanaye ke aiki ba, Hajiya?"

"Ni ba na kaiwa magariba a ɗakin nan." Ta faɗi haka ba wasa a fuskarta. Ta yi taku biyu, ta juyo. "Baiwar Allahn nan da ta aiko da hoton tana kwance a asibiti. Ka yi mata adalci."

Ƙarar takalminta ta yi nisa, ta ɓace.

Ɗakin dogo ne, ba taga sai wata ƙarama can sama. Durowoyin katako jere hagu da dama, daga ƙasa har rufi, kowace da 'yar takarda a goshinta. Warin ƙasa mai laima, da na farar wuta, da na tsohon katako. Doguwar fitilar rufi na ta zuuu kamar ƙudan zuma. A ƙarshen ɗakin ga tebur, ga tsohon sikelin tagulla cikin akwatin gilashi, ga koren dutsen a kan auduga. A saman teburin kuwa, cikin firam mai ruwan zinariya, ga shi nan shi da kansa, da gemun auduga.

Ya ɗan tsaya. Gaskiya hancin ya fito.

Ya ajiye kwamfuta, ya kunna, ya buɗe ambulan.

Mutum ne siriri, ba gemu, ba tabarau. Tabon ƙuna a kumatun hagu, irin wanda ruwan gwaji ke bari. Yana da wushirya, kuma dariya yake yi, abin da mutanen da ba su cika yi a hoto ba. A kan cinyarsa ga wata 'yar yarinya ta riƙe masa ɗan yatsa. A kan teburin da ke gefensa ga sikelin nan, wannan dai da ke gaban Mai Gyara, har da lotsawar da ke jikin faranti ɗaya.

Babu abin dubawa. Ko makaho ya shafa ya san gaskiya.

Mai Gyara ya ƙura wa 'yar yarinyar ido. Ya tuna kalmar da ya rubuta, tunanin yarinta. Sannan ya tuna akwatin dalili, da abokan aiki, da dariyar da za a yi masa har jikokinsa. Ya dubi ƙofa. Hoto ne guda ɗaya tak a duniya. Takarda kuwa ɓata take yi.

Ya zura shi a aljihun gaban rigarsa.

Can nesa aka fara kiran salla. Fitilar rufi ta yi ƙif, ta dawo da rabin haskenta.

Sai ya ji ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, kamar an ajiye tsakuwa a faranti. Ya duba. Sikelin da ke kulle cikin gilashi yana motsi. Faranti ɗaya ya sauka, ɗaya ya hau. Ba komai a kansu.

"Iska ce," in ji shi. Muryarsa ba ta yi nisa ba, kamar ɗakin ya haɗiye ta.

Sai wari ya sauya. Kafur. Ba kowane kafur ba, na akwatin matarsa, haɗe da ɗan turaren da marigayi surukinsa ke shafawa a wuyan kwat.

Can wajen ƙofa wata durowa ta jawo kanta. A hankali, katako na kukan katako. Ta rufe. Ta kusa da ita ta buɗe. Ta rufe. Haka suka riƙa yi, ɗaya bayan ɗaya, suna tahowa.

Tsakaninsa da ƙofa akwai mutum a tsaye.

Tsayinsa ne. Faɗin kafaɗarsa ne. Kwat ɗin ce, har da maɓallin da ya ɓalle. Ga goshin, ga hancin da aka yaba, ga kunnuwan nan biyu da ko a cikin dubu zai gane. Ga gashin baki an taje shi tsaf.

Amma inda idanu ya kamata su kasance, farin haske ne zagaye biyu, kamar hasken taga a gilashi. Daga gashin baki zuwa wuya kuwa babu komai. Fari ne, laushi, kamar auduga.

Maganar ba daga nan ta fito ba. Daga cikin durowoyin ta fito, duka, kamar ana zuba yashi a kwano.

"Ka zo."

Mai Gyara ya ja baya har bayansa ya bugi tebur. "Wa... wane ne?"

"Tare muka fito daga rami, ni da dutsen. Ba ni da fuska. Mai Awo ya bar ni in riƙa sa tasa. Ba ya tsoro." Yashin ya tsaya, ya ci gaba. "Sai ta daina zama. Kowa ya ce ba ita ba ce. Aka ce ga sabuwa."

"Kuskure ne. Kuskuren aiki ne, kowa na yi."

"Na karɓi goshi. Na karɓi hanci. Na karɓi kunne."

Hannun Mai Gyara ya tafi fuskarsa da kansa. Hancin na nan, amma kamar na wani yake taɓawa. Sanyi, santsi, kamar dutsen rafi.

"Hoton bai nuna ido ba. Gilashi ya rufe." Abin ya matso. Ba taku, sai jan kwat a ƙasa. "Bai nuna baki ba. Gemu ya rufe. Su na zo gani."

Ya buɗe baki zai yi addu'a. Leɓensa na sama ya yi nauyi, kalmomin suka fito a murɗe. Ya ci gaba da yi a zuci, ya juya ga kwamfuta. Ya buɗe shafin koren dutse. Ya danna cire hoto. Akwatin dalili ya buɗe, fari fat, yana jira.

Ya rubuta: Hoton ba shi da ingantaccen tushe.

Alamar jira ta fito, ruwan ɗorawa. Sai wani ya amince. Dokarsa ce.

Akwai wani mai gyara a can wata ƙasa da suke kira Ba-Barci, domin kowane lokaci aka leƙa yana nan. Amsarsa ta faɗo nan take: "Ban amince ba. Tushe na nan, bangon jami'a. Kai da kanka ka rubuta, maigida. Yau gwada mu kake yi?"

Warin kafur ya cika masa hanci.

Wani abu ya taɓa masa ƙeya. Yatsu ne, masu kaushi, kamar an yi su da tsakuwa. Suka zagayo ta kumatu. Suka juyo da kansa, a hankali, yadda mai aski ke yi.

Fararen zagayen nan biyu suna dab da idanunsa.

Gefen ganinsa ya fara dushewa.

Bai san lokacin da ya zaro hoton daga aljihu ba. Ba jarumta ba ce. Abin da hannunsa ya samu ke nan, ya kare fuskarsa da shi kamar yaron da za a mara.

Yatsun suka tsaya.

Durowoyin duka suka yi tsit.

"Mai Awo," in ji yashin. Wannan karon a hankali, kamar mai gaida wanda ya daɗe a tafiya.

Yatsa ɗaya ya bar kumatun Mai Gyara ya shafa tabon ƙunar da ke hoton. Ɗayan hannun bai sake shi ba. Babban yatsa na nan a kan leɓensa na sama, yana dannawa.

"Wannan ce tawa. Amma an ce ba ita ba ce."

"Ita ce," ya ce da rabin baki. "Wallahi ita ce."

"Wa ya ce ba ita ba ce?"

Ya kau da ido. Yatsan ya ƙara nutsewa. Ya ji sanyin ya kai haƙori.

Da hannu ɗaya ya ɗaga hoton gaban idon kwamfutar ya ɗauka. Hoton ya karkace, yatsansa ma ya fito a gefe. Ya ɗora shi haka nan. Akwatin dalili ya sake buɗewa.

Ya rubuta, harafi na tsallake harafi: Ni ne a tsohon hoton. Gemun auduga ne. Kwat ɗin surukina ce. Jikarsa gaskiya ta faɗa, na sani tun ranar farko.

Ya aika.

Ruwan ɗorawa.

Fitila na zuuu. Sikeli na ƙas, ƙas.

Ruwan ɗorawa.

Idonsa na hagu ya rufe da hazo.

Sai alamar ta koma kore.

Yatsun suka saki. Abin ya miƙe, ya juya ga bango, ga firam ɗin. Mai Gyara bai jira ya ga me zai yi ba. Ya ajiye hoton kusa da sikeli, ya bi ta ƙarƙashin hannun kwat ɗin da rarrafe, gwiwa da tafi. A bayansa gilashi ya tarwatse. Ya kai ƙofa, mariƙin ya zame masa, ya sake kamawa. Kafin ya fita, tsautsayi ya sa ya waiga.

A kujerar teburin wani siririn mutum na zaune, ya ba shi baya, yana daidaita farantan sikeli. Ya ɗan juyo da kumatun hagu. Ga tabon. Kafaɗunsa na motsi kamar mai dariya.

Mai gadi ya ce bai taɓa ganin mai tumbi ya yi irin wannan gudun ba.

Washegari Mai Ajiya ta tarar da firam a ƙasa, takardar ciki fara sol, ba ko ɗigon tawada. Kwamfutar na kan tebur a buɗe. A ƙarƙashin dalilin da ya rubuta ga amsar Ba-Barci: "Na amince. Dama kullum ina cewa na san kunnen nan." A ƙasa kuma masu gyara sun yi layi, kowa da abin da ya faɗa, har da mai yabon hanci.

Mai Gyara ya kwanta zazzaɓi. Da ya tashi, ya zaunar da matarsa zai yi mata bayani a tsanake, yadda zai fito da ɗan sauran mutunci. Ba ta bari ya yi nisa ba.

"Kwat ɗin Baba? Ai tun bara na ga auduga a wuyanta. Jira nake ka gaji."

"Kin sani, kika bar ni?"

"Kai da ba a gyara maka, Malam? Kai ne fa Mai Gyara."

Hazo ya washe daga idonsa. Hanci ya dawo, goshi ya dawo, amma ba a rana ɗaya ba. Ya lura duk lokacin da ya bi wani shafin da ya kwafi hoton ya roƙa aka cire, sai wani wuri a fuskarsa ya yi ɗumi. Haka ya riƙa bi, yana rubuta wa baƙi cewa shi ne mai gemun auduga, wasu su zage shi, wasu su tambaya ko yana da sauran hotuna. Waya ta dawo tana gane shi, in ya ɗan karkata. Sai dai hoton ya riga ya shiga wani littafin makaranta da aka buga aka raba, kuma wannan ba mai iya janyo shi. Don haka a leɓensa na sama, gefen hagu, akwai wuri daidai faɗin babban yatsa da gashi bai sake fitowa ba. Sanyi ne da shi ko da tsakar rana. Dole ya aske gashin bakin gaba ɗaya, kuma har yau yana cewa wannan ita ce asara mafi girma da kimiyya ta yi a ƙarnin nan.

Zuwa asibitin ne ya daɗe yana ɗagawa. Yau ciwon kai, gobe taron makaranta. Ranar da matarsa ta ajiye masa takalma a bakin ƙofa, sai ya sa su ya tafi.

Tsohuwar na kwance kusa da taga, 'yar ƙarama a cikin bargo. Ya gaishe ta, ya durƙusa, ya buɗe shafin a waya ya miƙa mata da hannu biyu.

"Iya, ga shi an sa. Ga kakanki."

Ba ta karɓa ba. Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa, idanunta sun yi fari.

"Ɗan nan, ai idon ya tafi tun watannin baya. Da a bara ne, da na gani." Ba da faɗa ta faɗa ba. "Amma kai kana gani. Faɗa mini. Yana dariyar?"

Ya dubi hoton da kyau. "Yana yi, Iya. Har wushiryarsa ta fito. Ga tabo a kumatu. Ga ki nan a cinyarsa, kin riƙe masa yatsa kamar za a ƙwace miki shi."

"Mai hoton ya ce kada a motsa, ni kuwa na yi wa kakana cakulkuli." Ta yi murmushi, ta daɗe a haka. Sannan ta miƙo hannu. "Matso in ga wanda ya yi mini wannan alherin."

Ya so ya ce sauri yake yi. Ya matsa.

Yatsunta masu ɗumi suka bi goshinsa, suka bi hanci, suka taɓa kunne, yadda ta saba duba jarirai. Da suka iso leɓensa suka tsaya a wurin nan mai sanyi.

"Subhanallahi. Wa ya yi maka wannan?"

Mai Gyara yana da amsoshi a shirye. Akwai ta reza, akwai ta ƙurji, akwai wata mai daɗi game da ɓarayi uku da ya kora shi kaɗai. Duk ya tanade su tun a hanya.

"Ni ne, Iya," ya ce. "Mai gemun nan ni ne. Wanda ya ce miki tunanin yarinta ma ni ne. Ba wanda ya yi mini komai. Ni na jawo."

Ba ta janye hannun ba. Ta kama kunnensa, ta murɗa shi da sauran ƙarfin da Allah ya bar mata, har sai da ya ce wash.

"To zauna," in ji ta. "Sake faɗa mini hoton daga farko. Kuma kada ka ƙara komai."